Idanun Mai Awon Gero

A Ƙofar Marke, Malam Gazali yana kallon matar da ke auna masa gero. Matashiya ce, da goyo. Idanunta jawur, tana ta ƙiftawa kamar yashi ya shiga, amma ko ɗigon hawaye babu. Wani tabo ya ratsa karan hancinta ya sauka kumatu biyu. Ta ba rana baya, sai ta laluba bakin kwano da yatsa kafin ta juye.

Ya san wannan fuskar. Haka marigayiya ɗiyarsa ta fara, kafin likitoci su ce lupus ne, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, ta busar da hawaye, ta kumbura jijiyoyin ido.

"Sannu da ido," ya ce.

"Afolo na, Alhaji. Inna ta sa min kwalli, gobe shi wuce."

Ya so ya faɗa mata asibitin da aka duba ɗiyarsa, sai ya fasa. Matar aure ce, kuma baƙon namiji ba ya zancen fuskar matar wani a kasuwa.

"Allah shi sawwaƙe."

Ya ɗauki geronsa. Har gida yana maimaita sunan asibitin da bai faɗa mata ba.