Buhu Mai Ƙulli Biyu

Gwaggo ce ta samo mini aiki a izin, wato masana'antar man gujiya, da ke bayan garin Maraɗi. Ƙanwar babana ce, a Jiratawa take zaune, kuma ita ce shugabar mata masu tsintar gujiya tun izin ɗin yana rumfar kwano da inji guda. Ni kuwa a Sabon Gari na tashi. Na gama lakwal, wato makarantar boko, na zauna gida, ba aikin fari ba na baƙi, sai faɗa da ƙannena. Rannan ta zo ta ce wa babana, "Yaya, ba ni ita, bakin nan nata ya je ya yi amfani wani wuri." Maganar ba ta yi mini daɗi ba, amma na ɗauki mayafina na bi ta.

Aikin ba wuyar ganewa. Ana kawo ɓararriyar gujiya cikin buhuna, daga Tsibiri da ƙauyukan bakin gulbi. Ranar da kaya suka sauka, mutanen labo, ɗakin gwaji, su ɗebi kaɗan su tafi aunawa, don akwai wata funfuna mai dafi da ke kama gujiyar da ta sha laima, ido ba ya ganinta kullum. Kafin sakamako ya fito, mata su baza gujiyar su tsince tsakuwa da ruɓaɓɓa, su mayar cikin buhu, Gwaggo ta ɗinke, a kai magaza, ɗakin ajiya. Daga can sai suya da matsa, mai ya fita gefe, tunkuzar ƙuli-ƙuli ta fita gefe.

Ina shekara ta biyu aka kawo mana lojisiyel, wato tsarin da ke cikin na'ura mai bin aikin izin tun daga ƙofa har kwalba. Wani injiniya ya zo daga Yamai da tablet a jaka, ya tsaya gaban mata yana zuba Faransanci kamar an ɓalle famfo. Mata suka yi tsuru-tsuru. Shef ɗinmu, wani dattijo mai sanyin hali da ke zuwa daga Tsibiri kan babur kullum safiya, ya waiwayo ya ce, "Ke ƴar lakwal, tunda kin iya surutu, juya muna wannan da Hausa." Daga ranar tablet ta zama tawa.

Wallahi na ji daɗin aikin nan, har yau in na tuna sai na yi murmushi. Kalma ɗaya sai mu yini muna gardama a kanta. Abin da injiniya ke kira lo, wato kayan da suka zo tare daga wuri guda aka ba su lamba guda, muka ce masa kashi. In kashi yana hannun ma'aikata, na'ura ta ce ankur, mu mu ce yana kan tabarma. Rebi, abin da aka tsince aka zubar, na so a ce masa shara, wata tsohuwa ta ce subhanallahi, abinci ba ya zama shara, sai muka bar shi a tsintuwa. In labo ta hana taɓa kashi, buloke ke nan, muka ce an ɗaure shi. In ta yarda, libere, an sake shi. Har ta kai in mace ta makara sai a ce mijinta ya yi mata buloke, a kwashe da dariya.

Wadda ta fi ba ni wuya ita ce tarasabilite. Harshena ma sai da ya karye kafin ta zauna. Daga ƙarshe na ce musu bin sawu ne. In aka ɗauki kwalbar mai a kasuwa, na'ura za ta iya komawa baya ta faɗi daga wane kashi ta fito, wa ya kawo, wa ya sake shi. Na ƙara da alfahari, "Duk wanda ya danna abu a nan, sunansa ya zauna ke nan, ko bayan shekara nawa." Sharaɗin guda ne, injiniya ya maimaita shi har ya gundure mu: kada ƙwayar wani kashi ta shiga wani.

Duk wannan karatu Gwaggo tana gefe tana cin goro, ko ɗaga kai ba ta yi. Tablet ɗin ma faranti take ce mata. "Ke dai riƙe farantinki, ni in riƙe basillata." Na ɗauka ko kalma ɗaya ba ta shige ta ba, kuma abin ya ƙona mini rai.

To, Gwaggo tana da wata ɗabi'a. Kafin ta zo izin, shekaru ta yi tana awon hatsi a kasuwa, kuma mai awo na kirki ba ya miƙa tiya a shafe, sai ya tula ya ƙara gyara. Wannan hannu ne ta zo da shi. In an gama tsintar kashi, sau da yawa ƴar gujiya kan rage a kwano, wadda ba ta kai a ɓata mata buhu ba. Sai ta ajiye. In buhun ƙarshe na kashi na gaba ya zo da saɓulallen wuya, ta juye ragowar nan ta cika shi. A wurinta ɗinke buhu bai cika ba rowa ce, barin ragowa a ƙasa kuma wulaƙanta albarka. Na gani ba sau ɗaya ba. Na taɓa buɗe baki, ta dube ni ta ce, "Gujiya da gujiya, aure ne ya haramta tsakaninsu?" Duk tsiwata ban iya ja da Gwaggo.

Wata Alhamis da hantsi sakamako ya shigo. Kashi na bakwai ya yi ja a kan tablet: funfuna, a ɗaure. Kashi na takwas ya yi kore. Shef ya leƙo ya ce, "Ɗaure bakwai, saki takwas, bayan azahar mu soya." Ya wuce abinsa.

Da idona na ga Gwaggo ranar Talata ta juye ragowar bakwai cikin buhun ƙarshe na takwas. Labo kuwa tun ranar saukar kaya ta ɗebi nata, kafin a haɗa, don haka korenta gaskiya ne amma tsohon labari ne. Na'ura ba ta sani ba, shef bai sani ba, ni kaɗai na sani. In na faɗa, aikin Gwaggo ya tafi, don an riga an ce duk wanda ya haɗa kashi biyu ya ɗauki takalminsa. Matar nan da aikin take riƙe da gida, jikoki uku a ɗakinta, kuma ita ta kawo ni wurin. Gaba kura, baya sayaki. Na yi ta ce wa kaina kwano guda ne fa, me kwano guda zai yi cikin buhuna masu yawa? Ba zan yi wa kaina ado ba: na danna libere. Sunana ya fito a ƙasa, da awa da minti.

Na fita na zauna ƙarƙashin itacen bedi. Gwaggo ta zo wucewa da buta, ta tsaya.

"Mi ya same ki kika yi kamar kazar da ruwa ya doka?"

"Ba komai, Gwaggo. Bakwai aka ɗaure."

"Takwas fa?"

"Na sake shi."

Ta dube ni. "Ke kika danna da hannunki?"

Na ce e. Ta ajiye butar, ko alwalar ba ta yi ba, ta nufi biron shef. Na bi ta da sauri ina "Gwaggo, Gwaggo, don Allah tsaya," ita kuwa kamar da bango nake.

Ta yi sallama ta shiga ta ce, "Malam, kada a soya takwas. Na zuba mashi ragowar bakwai. Yarinyar nan ta taɓa hana ni, ban ji ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ga ni."

Shef ya cire hula ya shafa kai ya ce innalillahi. "Hajiya, buhuna nawa ne cikin takwas, yanzu ina za mu gane wanda ya sha gyara?"

"Wannan kuma ba wuya. Taso."

Muka shiga magaza. Ta bi buhuna tana shafa bakinsu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya kan wani ta buga shi da tafin hannu. "Ga shi." Ashe duk buhun da ta yi wa gyara, ƙulli biyu take yi a ƙarshen ɗinki, sauran ƙulli ɗaya. Tun tana kasuwa haka take yi, don in mai kaya ya dawo da magana ta san abin da ta ba shi. Shekara biyu ina wuce buhunan nan ban taɓa lura ba, ni mai koya wa mutane bin sawu!

Shef bai yarda da ƙulli kaɗai ba, kuma gaskiyarsa. Ya sa na sake ɗaure takwas gaba ɗaya, labo ta sake ɗiba buhu buhu. Ranar ba a yi suya ba. Da sakamako ya dawo, buhu mai ƙulli biyu ne kaɗai aka fitar, sauran suka wuce. Ya kira mu biyu ya wanke mu tas, ni ma na sha nawa, don ban ɓoye masa cewa na sani na danna ba. Gwaggo ya dakatar da ita sati guda. Amma bai kore ta ba. Ya ce wanda ya kawo kansa kafin wuta ta kama, ba a haɗa shi da wanda aka kamo.

Bayan haka aka buga wa injiniya waya, ya buɗe mana wani gurbi da ashe tun farko yana cikin lojisiyel ɗin, relika, wato ragowa. Yanzu ƴar gujiyar da ta rage ana zuba ta a ƙaramin buhu da lambar kashinta, ba ta ƙasa, ba ta cikin na wani. Gwaggo ta karɓi tsarin, ko da yake har ta bar aiki, in za ta ɗinke buhu mai saɓulallen wuya sai ta yi tsaki ta ce Allah ya yafe mata. Muka ci gaba da aikinmu lafiya lau, da gardamarmu da dariyarmu, shekaru masu daɗi.

Cikin satin da aka dakatar da ita, na hau kabu-kabu na je Jiratawa. Na same ta tana sussukar gero a tsakar gida. Na zauna, na karɓi taɓarya, sannan na fito da abin da ke cina.

"Gwaggo, don ke fa na yi shiru. Da kin bar shi, wa zai sani? Kin kusa rasa aikinki a banza."

Ta karɓe taɓaryar daga hannuna, wai ban iya ba.

"Ba ke kika ce farantin nan ba ya mantuwa ba? In man ya fita ya taɓa ɗan wani, sawun wa za a bi? Ni sunana ba ya ciki, ƙullina kuma ba mai karanta shi. Naki ne a rubuce. Ni na je na ce wa Yaya ya ba ni ke. Da wane ido zan mayar mashi da ke?"

Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo mini, ni da ake cewa ba a ganin kukana. Ashe duk ranakun nan da take cin goro tana kallon wani wuri, tana ji.

Ta tura mini kwanon fura da ƙafa ta ce, "Sha, ki tashi ki kama hanya tun da rana. Gobe akwai kashi na tara, kuma ba ni nan balle in gyara miki."