Ɗumin Jikinki a Ɗakin Awo

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, aka bugo mini waya cewa Allah ya karɓi ranki, Yaya. Nasa muke, wurinsa kuma za mu koma. Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma kowa a wurin aikinmu haka yake kiranki.

Ke kika koya mini aiki da madubin lantarki, na'urar da ke nuna abin da ido ba ya gani. A cikinta kike danna ginshiƙan ƙarfe waɗanda silin gashi ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Da allurar daimon kike danna su har su karye, ki auna ƙarfinsu. Lokacin da ɗana ya kwanta asibiti, kika haɗa aikina da naki, kika ce, “Idan na ga ƙeyarka a nan, ni da kai ne.”

Ƙa'ida ita ce a fita daga ɗakin lokacin awo, domin ko ɗumin jikin mutum yana sa allurar ta goce. Ke kuwa kin ƙi. Kika saita na'urar kina zaune kan kujerarki, kina mana tsiya wai ta saba da ke.

Ashe da gaske kike. Tun da ciwo ya kwantar da ke, layin awo da ke fitowa a allon na'urar bai sake tsayawa ba. Na zauna a kujerar, ya goce. Na fita, ya goce. Ginshiƙi ɗaya ya rage cikin waɗanda kika sassaƙa, idan ya karye a banza, aikinki na shekaru ya tafi ke nan. Na kasa taɓa shi.

Jiya da hantsi, ɗakin yana kulle, ina kallon allo daga waje, sai layin ya miƙe ya tsaya cik. Mai gyaran na'urarmu, da ke tsaye kusa da ni, ya dubi ma'aunin zafin ɗakin, ya ga ya ɗan hau, ya dube ni, ya ce, “Wa ka bari a ciki?” Daga nan waje na danna maɓallin awo. Ginshiƙin ya karye daidai inda kika ce zai karye.

Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, ban kuma nemi bayani ba. Ina kewarki ƙwarai.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki, da maigidanki, da 'ya'yanki, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haskaka makwancinki. Aikin ya kammala, Yaya, babu abin da ya rage miki a ɗakin nan. Allah ya sa ki huta.