Tauraron da Ya Biyo Mu Sabon Zango

Jiya 'yata ta dawo daga makaranta da murna: "Baba, jan tauraron nan mai bin Kaza da 'Ya'yanta ya fi rana girma nesa ba kusa ba! Tsufa ne ya kumbura shi."

Sai na tuna kakata, mai gaishe shi kullum kamar maƙwabci. Ranar da aka rushe tsohon Zangon Lome aka kwashe mu bayan gari, mata na ta kuka bisa kayansu. Bayan magariba Kaka ta miƙe zumbur, bakinta jawur da goro, tana nuna sama: "Ku duba! Tsohon nan ya biyo mu! Ku ɗora tukunya, nan ma gida ne."

Aka kuwa ɗora. Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka. Maƙwabcinki yana nan bisa rufinmu.