Tutar da Tela Ya Hana a Ƙona

Duk garin ba wanda ya kai Tela sanin da wa gwamnati ke ƙawance. Ba rediyo ke gaya masa ba, tutoci yake ɗinkawa. Bana a ce ya ɗinka ta wata babbar ƙasa, sojojinta za su sauka a filin jirgi. Baɗi a kore su, a ce ta abokiyar gabarta ake so, kuma da gaggawa. Wata tutar ma iri biyu yake yi mata: ta ɗagawa da yadi mai kyau, ta ƙonawa da mai araha, don mai cinna wuta ba ya duba ɗinki. Abin bai taɓa damunsa ba. Manya na can suna faɗansu, shi nasa zare da allura.

Tuta ɗaya ce ba ya sayarwa, ta ƙasar maƙwabta, wadda ke rataye a saman keken ɗinkinsa. Autarsa ce ta ɗinka ta tana koyon aiki, kalmasar duk a karkace. Can take aure yanzu, a tsallaken iyaka, da 'ya'ya uku.

Kwatsam maƙwabtan suka rungumi babbar ƙasar da aka kora. Aka rufe iyaka, aminan jiya suka zama abin zagi. Tela bai sake ganin 'yarsa ba, kewarta kuma tana cinsa.

Ranar da aka yi zanga-zangar adawa da maƙwabtan, matasa suka cika ƙofar shagonsa. Ɗan mai shayin layinsu ne a gaba, riƙe da galan ɗin fetur.

"Baba, waccan muke so, ta maciya amana."

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Baba, kar a ce kana tare da su. Shagon nan fa katako ne."

Tela ya tsorata. Amma ya sauko da tutar, ya kakkaɓe ta, ya yafa a kafaɗa, ya fito bakin ƙofa.

"Kai da na ɗinka wa wandon makaranta? Jikokina a ƙarƙashin wannan suke kwana. Ga ta nan, sai dai ka haɗa da ni."

Yaron ya sunkuyar da kai. Suka watse suna gunaguni, wani ya jefi rufin shagon da dutse.

Tun daga ranar gwamnati ba ta sake ba shi aiki ba. Facin wando yake yi yanzu. Tutar tana nan a saman keken, kuma har yau ya ƙi gyara kalmasar.