Bakinsu Bai Zo Ɗaya Ba

A shagon gyaran kwamfuta da ke bakin tashar Birnin Gwari, wani dattijo na zaune da tsohuwar laftof a cinyarsa, naɗe cikin sallaya. Hannuwansa duk kanta, irin na mai riƙon fartanya. Ina jin daga wajen Damari ya hawo babur. Idanunsa sun fara yana, shi ya sa yake so a haska masa hoton ɗansa a babban allon shagon.

"Baba, bakinsu bai zo ɗaya ba," in ji mai gyara. "Taka mai shuɗin baki ce, irin ta da. Allon nan kuwa sai sabon baki, HDMI."

Dattijon sai shafa murfin laftof ɗin yake yi. Ni da ke zaune a gefe ban tambayi inda ɗan yake ba. Wanda ya san dajin nan da 'yan bindigarsa ba ya irin wannan tambayar.

Da ƙyar aka samo mahaɗi. Hoton ya cika allo, amma fuskar ta watse, ta zama dabbare-dabbare. Dattijon ya matso har hancinsa na taɓa gilashi.

"Mayar min da shi ƙarami, ɗana," ya ce a hankali. "A can na fi gane shi."