Bencin Baya na Malam Sali

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Sali makwancinsa, kuma bana ni ma zan ajiye alli. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan tun hannuna bai fara rawa ba. Abokina ne. Mun fi shekara ashirin muna horar da masu shirin zama malaman firamare a nan Garwa, gidajenmu kuma a unguwar Poumpoumré katanga ɗaya ce ta raba su.

Wanda bai san ajin firamare na ƙasar nan ba, bari in gaya masa. Yaro ya tashi da Fulatanci ko Hausa ko Mafa ko Tupuri, ran da ya shiga lakwal, wato makaranta, sai a tare shi da Faransanci. 'Ya'yan ma'aikata da suka saba jinsa a gida su ke cika bencin gaba. Sauran a tura su baya, malami ya yi shekara bai san muryarsu ba, a ƙarshe ya rubuta cewa ba su da kai. Ni ma na sha rubuta haka lokacin da nake sabon malami a garin Tcholliré, Allah ya yafe mini.

Sali ba mai dogon wa'azi ba ne. Kowace shekara, kafin ɗalibanmu su fita gwajin koyarwa, sai ya hau babur ɗinsa ya je kasuwa ya ɗauko Mama Marta, wata mutuniyar dutse mai sayar da wake, wadda ta koyi karatu da yarenta a coci. Ya miƙa mata alli, ta tsaya gaban allo ta koyar da karatu da yaren Mafa tun safe har rana ta take, ba Faransanci, ba Hausa, ba Fulatanci. Wanda ya amsa ta jawo shi gaba, wanda ya yi zuru ta nuna masa baya. Mu malamai ma ba ta ƙyale mu.

Ranar farko raina ya ɓaci ƙwarai. Ni jikan fatake, mai taƙama da Faransanci, ga ni a bencin ƙarshe ina zare ido. Na ce masa, "Haba Sali, da girmana za ka sa mai wake ta riƙa daka mini tsawa?"

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Awa uku ne kawai, Garba. Su yaran shekara shida suke yi."

Ban sake yin ƙorafi ba. Tun daga nan kowace shekara tare muke zama a wannan bencin, kafaɗa da kafaɗa, Marta na yi mana dariya.

Bayan rasuwarsa na ci gaba ni kaɗai. Ni ke zuwa kasuwa, ni ke zama a baya, gefen hagu babu kowa. Ba zan ɓoye ba, a duk shekara babu ranar da ta fi wannan yi mini nauyi, kuma babu wadda nake jira kamarta.

Nakan tambayi kaina, da Sali zai leƙo yau, me zai ce? Azuzuwa sun cika sun batse. Ga yaran da tashin hankalin kan iyaka ya koro da iyayensu, wasu da Kanuri, wasu da Larabcin Shuwa, duk sun tarar da bencin baya yana jiransu. Ina jin zai ce yanzu ne ma ake bukatar Marta. Amma sabon direkta ya ce jadawali ya yi cunkoso, abokan aikina kuwa da na roƙa su karɓi aikin ɗauko ta, kowa ya ce sai ya yi shawara. Na san ma'anar wannan shawarar.

Watan jiya na ɗauko Marta karo na ƙarshe. Gwiwa ta hana ta tsayuwa, a kujera ta koyar. Da aka tashi ta ce, "Malam, baɗi wa zai zo ɗaukata?" Ta dube ni, sannan guntun allin da ta saba mayar mana kowace shekara, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ta ce, "To, mai so ya san rumfata."

Sali bai bar littafi ba, ba a kuma sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Na ɗauka abin da ya bari zai bi ni gida ya mutu a can. Sai ranar Asabar da ta wuce na shiga kasuwa sayen albasa, na hango ɗalibanmu mata uku tsugune gefen kwanukan wake, Marta na rubutu a bayan faranti da wannan guntun alli, tana yi wa ɗaya faɗa. Ba wanda ya aike su.

Daɗi ya kama ni har na juya hagu in ce, "Sali, ka gani?" Mai albasa ne tsaye yana jiran in zaɓa.