Hanyar da na fasa a tsakiyar sumar Ba'amurke

Shekarun baya, kafin annobar nan da ta sa aka rufe ko'ina, ina aikin aski a wani shago a unguwar Kudai a Makka, dab da inda motoci ke sauke alhazai in sun dawo daga Masallacin Harami. Wanda bai taɓa ganin askin Makka a lokacin cunkoson Umara ba, sai na ɗan yi masa bayani. Mutum ya gama ɗawafi da sa'ayi, abin da ya rage masa ya cire ihrami shi ne gashin kansa: ko ya aske duka, ko ya yi saisaye, wato a ɗan rage kawai. Amma kusan duk wanda ya zauna a kujerata ƙwal-kwabo yake so, don ya fi lada. Saboda haka hannunmu ya saba. Mutum na zama, ka yafa masa ƙyalle, ka kunna kilifa, ka fara daga goshi. Kafin ya gama salati ka kai ƙeya.

Ni kuwa a lokacin ji nake duk Kudai babu mai saurina, kuma ina alfahari da hakan kamar wani gado. Maigidan shagon Bahaushe ne haifaffen Makka, Hausarsa da sanda take tafiya, rabi Larabci ce. Yakan ce min, "Shwayya shwayya, ya akhi, a hankali, kan mutum ne ba kankana ba." Ni dai dariya nake yi.

Ran nan bayan Azahar, layi har bakin ƙofa, sai ga wani dattijo dogo, baƙi, cikin ihrami. Abin da na fara gani shi ne sumarsa. Fara ce fat kamar auduga, a tsaye, a zagaye, girmanta ya kusa na ƙwaryar fura. Na ɗauka mutumin Sudan ne. A daidai lokacin waya na maƙale a kafaɗata, matata na faɗa min gas ya ƙare a gida can unguwar Utaibiyya. Dattijon ya zauna, ya sa hannu yana cire tabarau, ya buɗe baki zai yi magana. Ni kuma na riga na wuce. Kilifa ta shiga daga goshi ta fita a tsakiyar ka, ta bar hanya ɗoɗar kamar an share wa sarki.

Bai yi ihu ba. Da ma ya yi, da ya fi min sauƙi. Ya dai kalli curin gashin da ya faɗo kan cinyarsa, ya kalli madubi, ya ce da Turanci irin wanda ba na Najeriya ba, "Ɗana, me ka yi?"

Nan take na gane abu biyu: ba Basudane ba ne, kuma saisaye ya zo yi. Wayar ta suɓuce ta faɗi ƙasa, matata na ta "Hello, hello" ita kaɗai. Turancin da na baro a sakandare a Kano na shiga lalubensa, ya ƙi zuwa, sai kalmar ban haƙuri ɗaya da nake ta maimaitawa kamar aku. Ji dai ina ji sarai, furtawa ce ta gagara saboda ruɗewa.

Maigida ya taso. "Esh hada, ya sheikh? Ba ka tambaye shi ba? La haula! Wallahi ka kawo mana mushkila." Ya juya wurin dattijon yana "Ma'alesh ya Hajj, ma'alesh," wato ya yi haƙuri, yana nuna da hannu wai za a iya rage sauran a daidaita. Mu duka mun san ƙarya ce. Hanyar ta kai fata, aikin gama ya gama.

Dattijon ya ɗaga hannu, shago ya yi tsit. Ya nemi ruwa, aka ba shi, ya sha a hankali. Sannan ya dube ni ta cikin madubi ya ce, "Sa'arka ɗaya, har yanzu ina cikin ihrami. An ce mai ihrami ba ya faɗa." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Kusan shekara hamsin ke nan aska ba ta ga fatar kan nan ba. Alkawari ne na ɗauka."

Jama'a, ku ji fa. Gashi kawai na ɗauka na ɓata, ashe alkawarin wani na yanke ina hirar gas.

Ya ciro wayarsa daga ɗamarar ihrami, ya yi ta shafawa, ya miƙo min. "Duba abin da ka taɓa."

Hoto ne tsoho. Wani saurayi zaune a bayan tarin ganguna, sanye da riga da wando masu walƙiya kamar an yayyafa musu gilashi, ƙirji a buɗe, ƙafar wandon ta yi faɗin da za ta share tsakar gida, takalmi kuma mai tudu kamar an ɗora shi kan bulo. A kansa suma ce baƙa wuluk, ta ninka ta yau, da mataji a soke a gefe. Sama da shi wata ƙwallo ce ta madubai tana rataye, tana watsa haske kan mutanen da ba sa ƙirguwa. Ya ce birnin New York ne, zamanin disko, shi ne makaɗin.

Ban san sanda na ce "Allahu Akbar" ba. Domin ni na san wannan duniyar, amma daga nesa, kamar yadda yaro ya san aljanu. Ina ƙarami kawuna na da garmaho da tarin faifai, a jikin kwalayensu akwai irin waɗannan mutane masu manyan sumomi. In ba ya nan mukan ciro mu yi ta kallo, muna gardama ko mutane ne na gaske. Kakata takan ce, "Waɗannan ai ba sa sallah, ina ruwa zai shiga wannan kai?" Sai ga ɗaya daga cikinsu a kujerata, da ihrami, ƙafafunsa sun yi futu-futu da ƙurar hanya.

Ya ga yadda na saki baki, sai ya ɗan sake. Ya fara buga yatsu a hannun kujera, wani kiɗa mai duka huɗu-huɗu, daidai kamar bugun zuciya, ɗaya hannun kuma yana sakar wani abu a kai. Tsoho ne, amma yatsun nan ba su tsufa ba. Wani alhaji ɗan Indonesiya da ke kan layi ya fara gyaɗa kai, da ya tuna inda yake sai ya yi istigfari. Dattijon ya ce a zamaninsu suma irin wannan ba ado ce kawai ba. Iyayensu sun yi shekaru suna ƙone gashi da sinadari don ya kwanta kamar na farar fata, su kuma suka ce a'a, yadda Allah ya tsirar da shi haka za su bar shi, kowa ya gani. Ya ce in wani shahararren ɗan dambensu baƙi ya hau dandali, unguwa gaba ɗaya ba a dafa abinci sai an gama. Ya ce ya yi wa dubbai kiɗa a ƙarƙashin fitilu masu juyawa, yana ganin ya san taro, sai da safiyar nan da ya tsaya a gaban Ka'aba ya gane bai taɓa ganin taro ba.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, alkawarin fa?"

Yatsun suka tsaya. Ya ce su tagwaye ne, shi ne Husainin, kamar yadda mu za mu ce. Lokacin yaƙin Vietnam aka kira su aikin soja su biyu, dole ce ba zaɓi ba. Shi likita ya mayar da shi gida saboda ciwon asma, Hassan ɗinsa aka ɗauka. Kafin a tura su, ɗan'uwan ya zo bankwana, sojoji sun aske shi tas. Ya ce ranar ce karo na farko a rayuwarsu da mahaifiyarsu ta iya bambance su daga nesa. Bai dawo ba, sai akwati da tuta.

"Daga ranar na ce gashin nan zan riƙe mana mu biyu," in ji shi. "Na yi kiɗa da shi, na yi shashanci da shi, na bar kiɗan, na musulunta, na yi aure, na yi jikoki. Komai ya canza, ban da shi. Malaminmu ya ce min saisaye ya isa, shi ya sa na yarda na shigo shagon aski."

Idona ya cika, ni da ban cika kuka ba ko a makoki. Maigida da bai ji rabin zancen ba yana ta taɓa ni yana "Esh gal? Me ya ce?" Na ce masa ya bari tukuna.

Dattijon ya daɗe yana kallon hanyar da na fasa masa. Layi na jira, ba wanda ya yi ƙorafi. Can ya sa hannu ya shafa wurin, yatsunsa suka taɓa fatar da suka manta. Ya ja dogon numfashi ya ce, "Na zo daga ƙarshen duniya na ce wa Allah na kawo masa komai. Ashe akwai abin da na ɓoye a bayana." Ya gyara zama. "Ƙarasa, ɗana. Da aska. Amma wannan karon a hankali."

Hausawa na cewa in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi, ni ranar tun daga farko har ƙarshe gaban goshi ne. Na sa sabuwar reza a gabansa, na jiƙa kan, na yi bismilla. Hannun nan da nake taƙama da saurinsa na tilasta masa tafiya a hankali. Askin da na saba gamawa kafin a ƙifta ido sai da ya ci min lokacin mutum biyar. Shi kuwa idonsa a rufe tun da na fara, leɓensa na motsi, gashi na zuba kan ƙyalle kamar ana kaɗa auduga.

Da na gama na goge masa kan, na ce, "Baba, an gama. Allah ya karɓa."

Ya buɗe ido. Na ga jikinsa ya ɗauke gaba ɗaya. Ya matso kusa da madubi, ya mayar da tabarau, ya ƙara matsowa. Sannan ya kira wani suna a hankali, kamar mai kiran wani da ke gabansa. Hawaye suka gangaro, bai share ba.

"Ka gan shi?" ya ce min, yana nuna madubi. "Shi ne. Haka kansa yake ranar da ya tafi. Kullum in na tuna shi yaro nake gani, ɗan shekara goma sha tara. Ban taɓa sanin yadda zai zama in ya tsufa ba." Ya yi dariya cikin kuka. "Ashe duk shekarun nan yana nan ƙarƙashi, ni na rufe shi."

Na roƙe shi gafara, ya kama kaina da hannu biyu ya ce ya yafe, amma in ji tsoron Allah in riƙa tambaya. Maigida ya raka shi har bakin mota yana riƙe masa da lema, don rana ba ta san wannan kan ba. Da ya dawo ya yi min wani kallo, wanda ya fi zagi ciwo.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kuskurena alheri ne ba. Ganganci ne, Allah ne kawai ya rufa min asiri, ya juya shi inda ban isa in juya ba. Da wani ne, da ya tafi da ciwon abin har kabarinsa, kuma da hakkinsa na wuyana. Tun daga ranar saurina ya ragu, har abokan aiki na tsokanata wai na tsufa. Na bar su. Su kai kawai suke gani a kujera, ni kuwa na riga na san ba ka sanin abin da mutum ya ɗauko a kansa ya kawo Makka.

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ban tambayi sunan dattijon ba, ban san ko yana raye ba. Amma wani saurayi da ya mutu a yaƙi tun kafin a haife ni, a ƙasar da ban taɓa zuwa ba, na ga fuskarsa da tsufa a madubin shagonmu, ni da ɗan'uwansa.